Ranar da Aka Yanka Kalangun Ɗana

Ɗana na uku ya kai shekara biyar bai ce uffan ba. Ba kurma ba ne, don in babur ɗin kabu-kabu zai wuce ta ƙofar gidanmu shi ke fara jin sa, ya toshe kunnuwa ya kwanta ƙasa yana ihu. Injin niƙan bayan layinmu kuwa, da an tashe shi sai yaron ya ruga bango ya yi ta buga goshi, har sai na rungume shi ta baya mun zube ƙasa tare. Ba ya kallon idon mutum. In ƙishirwa ta kama shi sai ya ja hannuna zuwa randa ya ɗora a kan murfin, ya tsaya yana jira.

Mutanen Tawa ba sa rasa sunan da za su ba abin da ba su gane ba. Wata ta ce ɗan ruwa ne. Wata ta ce na tsallaka wani abu lokacin da nake da cikinsa. An kawo mini rubutu, an kawo saiwoyi, an turara yaron nan da hayaƙi har ni uwarsa na yi kwanaki ina tari. Ni malamar lakwal ce, kullum ina koya wa ƴaƴan mutane karatu, in dawo gida nawa ko "Inna" bai iya ce mini ba, kuma matan unguwa ba su taɓa barina na manta da haka ba. Da abin ya ishe mu muka kai shi Yamai. Wata likita ta daɗe tana kallon yadda yake jera murafan kwalba, sannan ta ce sunan abin otisim. Ta ce ba hauka ba ne, ba iskoki ba ne, haka aka halicce shi, kuma babu ƙwayar da zai haɗiya ya tashi yana hira. Ta ce mu lura da abin da yake so, mu bi shi ta nan. Muka dawo Tawa ina ta tunanin me yaron nan yake so a duniya ban da murafan kwalba.

Gidan da muke haya bango ɗaya ya raba mu da wani tsoho, makaɗin mahauta. Ranar kasuwar dabbobi can yake wuni, sauran ranaku kuma bayan la'asar yakan zauna a zaurensa yana gyaran kalangai. Wata rana injin niƙa ya tashi, yaron ya ruga bango yadda ya saba, sai aka yi dace tsohon yana gwada wani kalangu da ya sake wa fata. Ya buga, ya matse, ya sake bugawa. Ina riƙe da tsintsiya na ga ɗana ya kai goshi bango ya tsaya. Sai ya juya kai ya manna kunne. Injin yana ta ruri, shi kuwa bai motsa ba har tsohon ya ajiye kalangun.

Washegari haka, jibi ma haka. Sai na ɗauki mayafi na kama hannunsa muka zaga. Na gaida matar tsohon, na ce wurin Baba na zo.

"Baba, ɗana na, wanga da kuke jin kukanai kullum. Kiɗinka ɗai ka sa shi yin shiru."

Tsohon ya ce, "Ɗiyata, ni ban san ciwonai ba, kiɗi ɗai nis sani. Zamna can. In shina so shi matso."

Duk inda na kai yaron nan, abin da ake fara yi shi ne a kama haɓarsa a ce "gaida Baba, dube ni nan," shi kuma ya fasa ihu. Tsohon bai ko dube shi ba. Ya saɓa kalangunsa ya buga kaɗan ya tsaya, ya sake bugawa ya tsaya. Yaron ya yi ta kewaya zauren yana kaɗa hannuwa, can ya zo ya ɗora tafinsa a kan igiyoyin kalangun, yana jin yadda suke tsukewa suna saki. Har aka kira magariba hannunsa na nan.

Daga nan muka mai da shi aikin kullum. In na taso daga lakwal na yi la'asar sai mu zaga. Bayan wani lokaci tsohon ya ɗauko wani ƙaramin kalangu, irin wanda ake ba yaran makaɗa su koya, ya rataya masa. Da farko dukan kawai yake yi ba kai ba gindi. Tsohon sai ya bar shi ya gaji, sannan ya buga nasa ya tsaya. A hankali yaron ya gane cewa in tsoho ya tsaya, nasa ne ya zo. Wanda bai taɓa jiran komai ba a rayuwarsa, ko tuwo bai bari ya huce, sai ga shi riƙe da ɗan sandan kiɗa a sama yana jiran wani ya gama. Don ya san lokacin da za a tsaya dole ya kalli hannun tsohon, daga hannu ya koma kafaɗa, wata rana na ga ya kalli fuskarsa sosai, ido cikin ido, har tsohon ya yi dariya.

A gida na fara ɗora kalmomi a kan kiɗan da ya fi so. In zan ba shi ruwa sai in rera "ruwa" da wannan karin, in za a yi wanka in rera, in za a ci tuwo in rera. Yayyensa biyu suna yi mini dariya, suna cewa Inna ta zama zabiya. Ya daɗe yana bin karin da hanci kawai. Ranar da ya tsaya gaban randa bai ja hannuna ba, ya rera "ruwa" da bakinsa, na zaci ɗaya daga cikin yayyen ne yake tsokanata. Daga ruwa sai hura, sai tuwo, sai a'a, wadda ya riƙe fiye da kowace. Wata safiyar Lahadi ina madafa ina tuƙa tuwo, yana kan tabarma da kalangunsa, na ji ya buga ya ce "Inna." Ya sake bugawa ya sake faɗa. Na zauna a ƙasa da muciya a hannu na yi kuka, tuwon ranar da gudaji muka ci shi.

Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, kiɗa bai warkar da shi ba. Yana nan yana jera murafansa, yana nan yana tsoron injin. Amma in injin ya tashi sai ya nemi kalangunsa maimakon bango, tabon goshinsa ya fara bushewa, kuma a karon farko in na kira shi yakan waiwayo. Ni abin da nake roƙon Allah ke nan, ban nemi ya zama gwamna ba.

Maigidana ma'aikacin dabbobi ne, rabin wata yana ƙauyuka yana yi wa shanu allura. Mutanen Bambeye ne su, gidan noma da karatu. Mahaifinsu ya rasu da wuri, wansa ne ya riƙe shi ya sa shi lakwal, kuma tun da wan nan ya je Makka ya dawo ba wanda ke tari a zuriyar sai da izininsa. Alhaji yana da ɗiya da ta zauna wurina lokacin da take karatun ungozoma, yarinya mai hankali, ina son ta har gobe. Ita ta kawo wanda take so, ɗan wani babban gidan fataken shanu a nan Tawa, Alhaji ya ji abin har cikin ransa, ya fara tafiya yana buɗa hannuwan riga.

To, kowa ya san kafin a ɗaura aure sai an bincika asali. Kuma kowa ya san yadda muke da makaɗa a ƙasar nan: a kira su suna, a kira su biki, a ji daɗin kiɗansu, a yi musu kyauta a gaban jama'a, amma ba a ba su ɗiya, ba a karɓar tasu. Kiɗa gado ne, ba mai ɗaukar ganga sai wanda ya tarar da ita a gidansu. Wata gwaggon ango ta biyo ta layinmu, ta hangi yaro a zauren makaɗi da kalangu a hammata, ta tambaya ɗan wane ne, aka gaya mata. Ba ta tambayi me ya kai shi ba. Kafin mako ya zagayo magana ta isa Bambeye cewa dangin ango suna tambaya ko gidan amarya akwai jinin roƙo.

Alhaji bai aiko ba, bai kira ƙanensa a waya ba. Ya shigo motar kasuwa da safe, ranar da nake aji, maigidana kuma yana Affala. Ƙanwar mahaifiyata, tsohuwa, ita ke zama da yaron in na fita, ita ta ba ni labari daga baya. Ya shigo ya tarar da shi a kan tabarma yana kiɗa. Ya ce kawo. Yaron bai san "kawo" daga bakin baƙo ba, ya ƙanƙame abinsa. Alhaji, ƙato mai furfura a gemu, ya tsaya yana ja-in-ja da ɗan shekara shida har ya fizge. Ya zaro ƴar wuƙar da yake yanka goro da ita, ya tsinke igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya farke fatar gaba da ta baya, ya jefa icen bayan madafa. Duk a kan idon yaron. Daga nan ya zaga zauren tsohon.

Tun daga bakin layi na ji ihun. Na san kukan ɗana kala-kala, wannan ban taɓa jin irinsa ba. Na wuce Alhaji a zaure, yana zaune an dama masa hura, na shiga na tarar da jini a bango, jini a rigar tsohuwar da ke ƙoƙarin riƙe shi. Na ɗaure masa goshi da ɗankwalina. Sai na ga icen kalangun a cikin toka.

Wan miji suruki ne. Tun da aka kawo ni gidansu ban taɓa yi masa magana a tsaye ba, durƙusawa nake yi in sunkuyar da kai in gaishe shi in tashi. Ranar na fito zaure kaina ba ɗankwali na tsaya a kansa.

"Alhaji, mi yaron ga yay yi maka?"

Ya ɗago a hankali. "Ke, da ni kike magana tsaye?"

"Da kai nike. Mi yay yi maka?"

"Mu ba maroƙa na ba. Tun kakanninmu ba a taɓa rataya ganga gidanmu ba. So kike ki ɓata ma ɗiyata aure saboda wanga da bai san dama da hauni ba?"

"Da gangag ga yak kira ni Inna. Kai ka taɓa jin muryatai in ba kuka ba? Tun da anka haihe shi ka taɓa ɗaukatai?"

"A kai shi ga malamai. Kiɗi ba magani na ba. Bokonku na ka ruɗinku."

Na ce ya tashi ya bar mini gida. Ya ce gidan ƙanensa ne, kuma gaskiyarsa. Sai na sunkuya na ɗauke ƙwaryar hurar daga gabansa, ludayin yana hannunsa, na shige da ita ciki. Har yau a Bambeye in ana zancena ba a cewa matar da aka yanka wa ɗanta kalangu, cewa ake yi matar da ta ɗauke wa Alhaji hura.

Maigidana ya dawo da yamma. Ya kwance ɗankwalin ya ga goshin, na ga hawaye a idonsa, na ce to, yau za a yi ta. Ya fita zaure na bi shi na laɓe. Abin da na ji shi ne, "To, Yaya. Allah shi huci zuciyarka, Yaya." Ya dawo ya ce in je in ba da haƙuri, wai don zaman lafiya. Mutumin nan yana kayar da bijimi ya danne shi ya yi masa allura, amma gaban wansa ko ƙuda ba ya iya korewa. Na ce masa in zaman lafiya yake so ya je ya ɗinke fatar da aka farke. Ban ba da haƙurin ba, kuma mun yi kwanaki ba ma haɗa ido.

Da gari ya waye na wanke icen kalangun na kai wa tsohon. Ya amsa gaisuwata da kyau, amma bai ce "ɗiyata" ba.

"Madam, ki yi haƙuri. An hwaɗa min matsayina gaban ɗiyana da jikokina. Ya ce ni ka lalata musu iri. Na tsuhwa, ba ni iya jin irin wagga magana sau biyu."

Ban ga laifinsa ba, ko kaɗan. Mutum ya buɗe mana zaurensa bai nemi komai ba, ladansa aka zo har gida aka zage shi da ubansa da kakansa. Na dawo da icen a ƙarƙashin mayafi.

Kalmomin yaron suka tafi gaba ɗaya. Ba a hankali ba, a rana ɗaya. Ya koma jan hannuna zuwa randa, ya koma bango, ya ƙara da cizon hannunsa har ya yi kanta. Na rera masa "ruwa" ya toshe kunne. Na aika aka sayo wata ƴar ganga a kasuwa, ya gan ta ya ruga bayan ƙofa. Ina kwana ina tashi da wannan, can kuma ana ta ɗinkin anko, don dangin ango sun gamsu, an ce musu ai yaron ba shi da lafiya ne kuma an yi maganin abin.

Ban so zuwa bikin ba. Amaryar ce ta zo da kanta ta durƙusa tana kuka, ta ce ba ta san abin da ubanta zai yi ba, in ban je ba ba za ta ji daɗi ba. Na je saboda ita, da yaron, don tun ranar ba ya yarda da kowa sai ni. Na samu gefe can nesa da lasifika muka zauna.

Bayan la'asar sai ga makaɗa. Fataken shanu ba sa biki ba kalangu, kuma wa za su kira in ba makaɗin mahauta ba? Tsohon maƙwabcina ne a gaba, ƴaƴansa a baya. Suka tsaya gaban Alhaji suna wasa shi, suna kiran kakanninsa ɗaya bayan ɗaya, waɗannan dai kakannin da ba su taɓa rataya ganga ba. Alhaji ya miƙe yana murmushi har kunne, yana gyara babbar riga, yana manna wa tsohon kuɗi a goshi, mata suna guɗa. Na zauna ina kallo cike da takaici. Kiɗan da ya yanka a gidana shi ne yake tsaye yana sha kamar hura mai sanyi, don yanzu sunansa ake kira.

Ina cikin wannan ban lura da ɗana ba sai da na ji ihunsa. Na yi zaton in ya sake jin kalangun tsohon zai ruga wurinsa, har ina tunanin yadda zan riƙe shi. Ashe ba haka ba. Ya toshe kunnuwa ya faɗi ƙasa yana birgima yana buga kai da ƙafar kujera, daidai yadda yake yi wa injin niƙa. Abu ɗaya da yake so a duniya an mai da masa shi abin tsoro. Tsohon ya hango mu, hannunsa ya tsaya a sama, kiɗan ya yanke, sai da ɗansa ya taɓa shi ya ci gaba. Wata mata a bayana ta ce a fitar da yaron nan yana ɓata wa mutane biki. Na goya shi, ƙafafunsa suna dukan gwiwoyina, na taka har gida don ba zai hau kabu-kabu ba.

Tun daga ranar na ɗauko ƙwarya na kife a tsakar gida, kullum bayan la'asar ina bugawa da tafin hannu, ƙofa a buɗe. Duk gwaggon da za ta wuce ta leƙo ta gani, ta kai labari inda take so. Ban iya kiɗa ba, abin da kunnena ya riƙe daga zauren tsohon shi nake kwaikwayo, in buga kaɗan in tsaya. Watanni yaron yana can lungu ya ba ni baya. Daga baya ya bar toshe kunne. Daga baya na ga yatsun ƙafarsa suna motsi in na tsaya. Yanzu yakan zo ya zauna kusa, wani lokaci ya taɓa ƙwaryar. "Ruwa" ta dawo, "a'a" ta dawo. "Inna" ba ta dawo ba, kuma shekararsa tara.

Babbar sallar da ta wuce Alhaji ya shigo Tawa ganin jikansa, ya biyo gidanmu. Maigidana ya shimfiɗa masa darduma a tsakar gida, na kawo soyayyen nama na ajiye na gaishe shi a taƙaice. Yaron yana gefe yana jera murafansa. Alhaji ya daɗe yana kallonsa yana tauna, sannan ya girgiza kai da tausayi.

"Wai har yanzu yaron ga bai hwara magana ba? Allah shi sawwaƙe."

Na ce, "Ya hwara, Alhaji. Ranar da kay yanke mai ganga yab bari."

Maigidana ya sunkuyar da kai. Na tsaya ina jira, ko faɗa ne ko zagi, na shirya. Alhaji ya dube ni, ya dubi ƙanensa, kuma na rantse ba da gangan ya yi ba, da gaske yake tambaya.

"Wace ganga?"

Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki wata tsokar.